Kafin Ka Saya wa Dattijuwa Sabon Inji

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ɗana Nasiru, Autana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah Ya sauke ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya sa maigidan da za ka yi aiki a garejinsa mai tsoron Allah ne. Na sa wannan takarda ƙarƙashin ledar dambun nama, don na san nan hannunka zai fara zuwa in ka buɗe jaka.

Jiya da la'asar ina ɗaure maka kaya ka ce mani, "Inna, da na kama albashi, inji zan fara saye. In cire wa Dattijuwa wannan tsohon, in sa mata na zamani, ta huta, ku ma ku huta." Na ci gaba da ɗaure kayan. Na ga ka dube ni, kana tsammanin ko ban ji ba. Na ji, kuma na ji daɗi, don yaron da bai ga albashi ba tukuna amma ya fara tuna motar ubansa, ba abin da zan ce sai Allah Ya yi mashi albarka. Sai dai ka san ni, in magana ta yi nauyi bakina ba ya iya ɗaukarta a tsaye. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san an taɓa canza mata inji aka mayar. Kana makarantar kwana a lokacin, labarin ya iso maka ta bakin Baba Lawal, ƙanin mahaifinka, shi kuwa in yana ba da shi za ka rantse shi kaɗai ya ɗauko injin a ka tun daga Sabuwa. Bari ka ji shi daga wadda ta ɓata, kuma Allah Ya ba ta ikon gyarawa.

Dattijuwa ta girme ka, ta girmi yayyenka. Mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, ya saye ta a tsohuwarta, a-kori-kura shuɗiya, irin wadda yanzu sai ka yi yawo ba ka ga 'yar uwarta a titi ba. Aikinta guda ne tun farko. Ranar kasuwar Sheme ta tashi daga nan Ƙanƙara, ta bi ƙauyukan da ke bayan Tafoki, ta kwashi kayan matan da ba su fita: man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, kuka, wani lokaci kaji a kwando. Mahaifinka ya kai, ya sayar, ya dawo wa kowace da abinta da saƙon da ta yi. Ba mai raka kayanta. Amana ce kawai. Da ya rasu, ku magada kuka yarda a bar motar a hannuna, Baba Lawal ya riƙa tuƙawa, a ci abinci da ita.

Ana nan sai injin ya fara ciwo. Hayaƙi kamar an kunna ɗanyen kara, baƙin mai kuwa sha yake kamar kunu. In ta zo hawa sai ta tsaya tana haki. Malam Iro bakanike, wanda ke duba ta tun zamanin mahaifinka, ya zo zaure, ni ina daga bayan ƙofa, Baba Lawal na zaune gefensa. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, hanya biyu ya shimfiɗa mani. Ya ce ko a sauke injin a buɗe shi a gyara, amma aikin zai ja, don kayansa sun yi wuya, sai an nemo. Ko kuma a kawo ɗan Kwatano, wato na hannu daga waje, ƙirar Japan, a yanke mazauninsa a yi walda a ɗora, cikin 'yan kwanaki mota ta hau hanya.

Baba Lawal bai bari ya rufe baki ba. "Malama, ki taimake ni. 'Yan acaɓa wuce ni suke suna tambayata ko in ba su saƙo su kai mani gaba. Jiya wani mai amalanken shanu ya yi mani sannu da hutawa, alhali tafiya nake."

Na ce, "To ai sannun ba ta rage ka da komai ba."

Ya ce, "Ta rage ni. Ba ke ake yi wa ba."

Muka yi dariya. Malam Iro ya ce, "Malama, me kika gani?" Ni kuwa tambayoyi cike da cikina. Ina so in ce, in an gyara tsohon zai ƙara shekara nawa? In an sa sabon, me zai canza ban da gudu? Amma sai kunya ta kama ni, wai kada a ce mace ta zauna tana ja da maza a kan ƙarfe. Na ce, "Yadda kuka gani." Aka tsaya a kan sabon. Da Malam Iro ya tambaye ni yadda za a yi da tsohon, na ce a kawar da shi, don ba na so in riƙa ganinsa yashe a ƙofar gida ina tuna hannun da ya saba shafa shi. Ko yayyenka ban aika na tambaya ba, alhali suna da haƙƙi a cikin kowane ƙusa na motar nan.

Nan na fara kuskure, Auta. Kunya ado ce, ni na koya maku ita, amma in an ɗora maka amana, to tambaya ta zama wajibi a kanka. Kada ka ce "yadda kuka gani" a kan abin da kai za a tambaya gobe. Kuma ga ka za ka zama bakanike. Ranar da mai mota ya ce maka "yadda ka gani," kada ka yi murna ka ɗauko sifana. Ka zaunar da shi. Ka tambaye shi ina motar ke zuwa, wa take ɗauka, wa ke jiranta. Watakila kunya ce ta rufe mashi baki kamar yadda ta rufe mani.

Sabon injin kuwa, in faɗi gaskiya, ba shi da laifi. Ba hayaƙi, ba ya shan mai, murɗa makulli ɗaya ya tashi. Muryarsa siririya, sumul, kamar keken ɗinki. Baba Lawal ya zagaya gari da ita har sau ban san adadi ba, gwiwar hannu a taga, yana yi wa 'yan acaɓa sannu da hutawa. Ni ma na yi murna. Na ce alhamdu lillahi, an rabu da wahala.

Abin da ban yi tunani ba, kuma da na yi tambaya da wani ya tuna mani, shi ne lokacin damina ne. Ka san hanyar ƙauyen su Gwaggo Hansai, tsohuwar nan mai daddawa da ke kiran mahaifinka ɗanta. In dawa ta tashi, hagu da dama ta fi mota tsawo. Ba a ganin mai zuwa sai ya iso bakin gidaje. Mutanen wurin da kunne suke gani. Kuma ka san halin da ƙasar nan ta shiga tun da ɓarayin daji suka hana mutane sakewa. Kowane gida an san ƙarar babur ɗin kowa. An san ta motar asibiti. An san muryar Dattijuwa fiye da duka, wannan tari guda da take yi in an tada ta, sannan gurnani mai kauri ƙasa-ƙasa, da ɗan tsalle a tsakiyarsa kamar mai tafiya yana ɗingishi kaɗan. In ta sauka kwarin da ke kafin ƙauyen aka canza giya, matan na ji, sai kowace ta fara fito da kayanta zaure. Shekara da shekaru haka ake yi. Ni kuwa ina zaune a Ƙanƙara, ban taɓa kawo wa raina cewa muryar nan ita ce sallamar motar ba.

Ranar kasuwa Baba Lawal ya shiga da sabon inji, da gudu kuma, don a ga abin da ya samu. Mutane suka ji baƙuwar ƙara ta nufo su cikin dawa, ba ta tsaya a kwari ba. Kafin ya iso, ƙauyen ya watse. Mata sun saɓa yara sun faɗa gona. Wata ta bar mai a kan wuta ya kife. Gwaggo Hansai, da ƙafafunta da suka riga suka gaji, ta zo tsallake kwalbatin bayan gida ta faɗi, ƙugunta ya goce. Baba Lawal ya tsaya a dandali yana kiran sunayen mutane, ba wanda ya amsa, sai da maza suka leƙo suka ga shuɗin motar.

Ya dawo gida mota wayam. Ban taɓa ganin Baba Lawal ya shigo bai yi wasa ba sai ranar. Ya faɗa mani duk abin da ya faru. Tun muna gaban malam da allo aka karantar da mu cewa bai halatta a tsorata musulmi ba ko da wasa. Ni ga shi na tsorata gari guda, har da tsohuwa a kwance, ba don komai ba sai don ban buɗe baki na yi tambaya ba.

Mako ya zagayo, Baba Lawal ya koma. Ba wanda ya gudu sosai, amma kaya kaɗan aka fito da su. Magana ta bazu cewa an sayar da motar, bodin ne kawai na mahaifinka, ba a san hannun da take ba. Wasu suka fara ba 'yan babur kayansu, ana fasa masu galan a hanya. Abin da mahaifinka ya gina tsawon rayuwarsa na ga yana zubewa a hannuna.

To sai ga kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni, don wannan da idona buɗe na yi shi. Baba Lawal ya zo da dabara. Ya ce, "Malama, tun da murya suke so, a ba su murya. A huda salansa, a ɗan sassauta wani abu, za ta yi kauri kamar da. Wa zai gane?" Zuciyata ta ce mani wannan kwaikwayo ne. Na ce mata ai ba ƙarya za a yi da baki ba, ƙarfe ne zai yi ƙara. Ka ji irin fatawar da mutum ke ba kansa in yana son abu. Malam Iro ya ce, "In kin ce a yi, sai a yi." Na ce a yi.

Abin ya ƙara lalacewa. A ranar ko zaure ba a buɗe ba. Sai na shirya da kaina na bi motar mako na gaba, na sa Baba Lawal ya tsaya tun daga bakin titi, na taka da ƙafa na shiga. Na sami Gwaggo Hansai kwance a tabarma, an ɗaure mata ƙugu. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. 

Ta ce, "Sa'a, ke kika sa a yi wanga abu?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo."

Ta ce, "Na farko mun ce baƙo ne, baƙo kuwa ana iya saba mashi. Amma na biyun nan, mi ne ne shi? Wani ne ke son mu ɗauka ɗana ne ya taho, alhali ba shi ba ne. Wa ke yin haka in ba mai mugun nufi ba? Ke da kika yi karatu, hwaɗa mani."

Na sunkuyar da kai, ina jin kunyar da ta fi wadda na ji a bayan ƙofar zaure nesa ba kusa ba. Ta ce, "Ba mu ƙi ki ba. Kunnenmu ne ya ƙi, shi kuwa ba a lallashinsa."

Ka riƙe wannan, Auta, don a sana'arku za ka gamu da shi kullum. Za a kawo maka mota a ce ka ɓoye ƙarar nan har a sayar, ka goge nan, ka shafe can, kada mai saye ya gane. Za a ce maka ai ba kai ka yi magana ba. Hannu ma yana ƙarya. In abu ya canza, ka ce ya canza. Mutane suna iya haƙuri da sabon abu, amma in suka kama ka kana sa wa sabo rigar tsoho, ko gaskiya ka zo da ita daga baya sai sun juya ta sun duba ƙasanta.

Daga nan labarin ya juya, kuma ina so ka karanta sauran da fara'a, don ni da fara'a nake rubuta shi.

Na dawo gida na yi istihara. Na aika aka kira yayyenka, na faɗa masu komai, na nemi yafiyarsu da shawararsu. Suka ce, "Inna, a nemo na Baba." Na sa aka kira Malam Iro, wannan karon na fito zauren da hijabina na zauna, na yi mashi tambayoyin nan duka da na haɗiye a baya, har da waɗanda suka sa Baba Lawal dariya. Ya amsa mani ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tsohon injin gajiya ya yi, bai mutu ba. In aka sa mashi sabbin ringi aka wanke cikinsa, hayaƙin zai tafi, muryar kuwa tana nan, don haka aka ƙera shi. Na ce to ina yake? Ya sosa kai. Ya ce ya sayar wa wani dillali, dillalin kuma ya kai shi wajen Sabuwa, an ce wani Alhaji ya ɗaura shi a injin casar masara.

Baba Lawal ya ce, "Shi ke nan, ya zama manomi. A bar shi ya ci arzikinsa."

Na ce, "Ka zuba mai. Sabuwa za mu."

Ya dube ni. "Ke da ko Faskari sai da dalili?"

Na ce, "Ga dalili ya samu."

Muka jira ranar da motoci ke tafiya a jere, muka bi su da rana tsaka, ni da shi da Malam Iro. Tun rasuwar mahaifinka ban yi doguwar tafiya a motar nan ba sai ranar. Bakina bai huta da addu'a ba har muka isa. Kaka ta fara, ko'ina masara ce a shanye. Muka yi tambaya, aka nuna mana wani fili a bayan gari, masu casa sun fi a ƙirga, kowa da injinsa. Malam Iro ya ce bari ya bi su ɗaya ɗaya ya duba. Muna tsaye sai wani daga can ƙarshe ya tada nasa kafin a fara zuba masara. Tari guda. Sannan gurnanin nan mai ɗingishi.

Auta, ƙafafuna suka tafi da kansu. Na ce, "Ga shi can." Malam Iro ya ce in bari ya duba lamba. Na ce ya duba, amma shi ne. Shekara nawa ina jin muryar nan daga cikin ɗaki, in tashi in ɗora ruwan wanka. Ya duba, ya ɗago, ya yi murmushi kawai.

Mai injin dattijo ne mai barkwanci, Alhaji Ɗanjuma. Ya sa aka shimfiɗa mana buhu a inuwa, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Hajiya, an zo wurina neman iri, an zo neman aure, amma yau na fara ganin wadda ta zo bikon inji."

Na ce, "Alhaji, ni na kore shi, kuma ba da laifinsa ba."

Ya ce, "To in ya ce ba ya komawa fa? Nan yana cin masara, can kuwa daddawa za ku ɗora mashi."

Baba Lawal ya ce, "Ranka ya daɗe, ka riƙe shi. Ni ma ban gaji da sabon ba."

Na ce, "Alhaji, kada ka saurare shi, shi ne ya haɗa mu faɗan."

Aka yi dariya. Sai na faɗa mashi abin da na zo da shi: musaya. Ya ba ni tsohon, in ba shi na cikin motar, wanda ya fi ƙarfi kuma bai kai shi shan mai ba. Ya tashi ya leƙa, ya ga abin kirki ne, ya ce ya yarda tun kafin in canza shawara. Na ce a'a, ya dakata. Na sa Malam Iro ya faɗa mashi duk abin da ya sani game da injin, har da cewa ya taɓa yin zafi sau ɗaya a hanyar Sheme, kuma ɗan Kwatano ne, ba wanda ya san shekarunsa na gaskiya. Baba Lawal yana ta yi mani ido. Alhaji ya ce, "Hajiya, kina sayarwa ne ko kina hana ni saye?" Na ce, "Ina so in kwana ba nauyinka a kaina." Ya ce to shi ma bari ya faɗi nasa, tsohon ya fara ɗigar da ruwa ta gefe. Aka shafa fatiha a kan haka. Muka ɗora tsohon a bayan mota muka dawo gida, aka sauke sabon aka aika mashi.

Gyaran ya ja kamar yadda Malam Iro ya faɗa tun farko. Ya je Funtua bai samu ringin ba, sai da ya dangana da Kano. Na sayar da tumakina aka yi. Baba Lawal ya zauna ba aiki, kullum ya zo ya tsaya a ƙofar gida yana cewa, "Malama, a gaishe da masu tsohon ƙarfe." Ni kuwa kullum sai na aika a tambayo mani ina aka kwana, yau me aka buɗe, me aka gani. Malam Iro ya ce a duk masu motar da yake yi wa aiki ba mai takura mashi kamata. Na ce a faɗa mashi na gode.

Kafin ta hau hanya na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na aika wa limamin ƙauyen, ya sanar a masallaci cewa ranar kasuwa mai zuwa Dattijuwa za ta shigo da hantsi, da injinta na asali, kuma ina ciki. Aka dawo mani da saƙon Gwaggo Hansai: ta ji, amma ita kunnenta za ta tambaya.

Ranar ta zo. Dawa ta yi kai, ta sunkuyo, ba a fara yanka ba, hanya kamar rami. Na ce wa Baba Lawal, "In ka yi gudu, a nan zan sauka in bar maka motar har abada." Ya ce, "Ina gudun yake? Kin mayar da ni gidan jiya." Muka gangara kwari a hankali. Ya taka kuloci ya canza giya daidai inda mahaifinka ke canzawa. Ta yi gurnaninta, ta ɗan yi tsallen nan, ta kama hawa.

Shiru. Ba na jin komai sai ganyen dawa na shafar bodi. Na damƙe carbina.

Sai guɗa ta tashi daga bayan dawa. Ɗaya, sannan wata ta karɓa daga wani gidan, sannan wata. Kafin mu fito fili ƙauyen duka ya ɗauka. Muka iso dandali muka tarar da zaurukan a buɗe, galan-galan na mai a jere, kwanukan daddawa, kaji na kuka a kwando, yara na tsalle suna kiran sunan motar. Baba Lawal, mai cewa a bar injin ya zama manomi, sai ga shi yana share ido da hular kansa, yana cewa hayaƙi ne. Na ce, "Wane hayaƙin? An gyara."

Aka fito da Gwaggo Hansai tana dogara sanda, jikokinta na riƙe da ita. Ba ta dube ni ba. Ta wuce ta ɗora tafin hannunta a kan bonet, injin na aiki, ta tsaya tana saurare. Ta ce, "Ke ce. Ina kika shiga haka?" Sannan ta juyo. Na durƙusa na ce ta yafe mani ƙugunta. Ta ce, "Tashi, Sa'a. Tun kina kwari na yahe."

Ranar sai da aka yi sawu biyu zuwa Sheme. A kasuwar ma wani mai kuɗi daga birni ya tsaya, ya sa aka buɗe mashi gaba, ya ga injin asali ne, ya yi ta ɗaukar hoto, ya ce a yi mata kuɗi ko nawa ne, zai ajiye ta a gidansa ana kallo. Na ce a ba shi haƙuri, tana da masu jiranta. Na koma gida a gaban mota, warin daddawa ya kama hijabina, ban taɓa jin na yi nasara a rayuwata kamar ranar ba. Ni da ban iya ɗaga murya ba, na je har Sabuwa na dawo da abin da na yar. Alhamdu lillahi, ba wayona ba ne.

To ga amsar maganarka ta jiya. Kada ka sayi inji yanzu. Wanda ke ciki yana da sauran ƙarfi, na tambayi Malam Iro, kuma yanzu na iya tambaya. Albashinka na farko ka fitar da sadaka ga mahaifinka, ka sayi kayan aikinka na kanka, ka ci abinci mai kyau.

Ban ce kada a taɓa canzawa ba. Ƙarfe ne, ranarsa za ta zo kamar ta kowa, kuma ba na so ka riƙe shi har ya kashe ku a hanya don kawai na uba ne. In ranar ta zo, ka tara yayyenka ku yi shawara. Ka buɗe shi da hannunka ka tabbata ya ƙare, ba gajiya ya yi ba. In ka sa sabo, kada ka huda komai don ya yi kama da tsoho. Ka aika wa liman tukuna. Ka shiga da ƙafa ka gaida mutane. Sannan a kawo motar da rana, a tsayar da ita a dandali, a tada ta, a kashe, a sake tadawa, kana tsaye a gefenta suna ganin fuskarka, har kunnensu ya haddace. Haka nan duk inda ka shiga a Kaduna. Kada ka faɗo wa mutane kamar yadda muka faɗo wa ƙauyen nan. Ka yi sallama, ka bari a san muryarka, kuma in an san ta kada ka canza ta don ka burge wani.

Ka tsare sallarka a kan lokaci ko da hannunka na cikin baƙin mai, sabulu bai yi tsada ba. Ka riƙa karanta abin da ya sauwaƙa kafin ka fita. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga mugun abokin zama da mugun ƙarfe, Ya sa albarka a hannunka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya har mutane su daina gudu don sun ji ƙarar mota.

In ka tashi zuwa gida, ka daidaita da ranar kasuwa. Ka sauka a Sheme, ka nemi Baba Lawal wajen masu mai, ka karɓi sitiyari in ya yarda ya saki. Ba sai ka kira ni a waya ba. Zan ji ku tun daga gangaren bayan gari, in ɗora ruwa.

Wassalamu alaikum. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Innarka,
Sa'adatu